Igiyar Tsakiyar Shafi

A ranar Alhamis ɗin nan, idon da Mai Tayil ya shekara talatin yana ci da shi zai kusa jawo wa 'yarsa asarar shekara guda. Shi kuwa bai sani ba, har guga ya sa aka yi wa rigarsa.

Ido ne na gaske. In ya shiga ɗakin da wani ya daɓe, tun daga bakin ƙofa zai nuna maka tayil ɗin da ya kauce, ko da kaurin farce ne. A gidansa ma ba a tsira ba. Hoton bango, labule, takalman bakin ƙofa, duk sai ya bi ya gyara musu zama. Matarsa takan ce da za a ba shi tsani, da ya hau ya jera taurari sahu-sahu.

'Yarsa ta fari ce ta yi karatun da shi bai samu ba. Shi daga aji shida aka cire shi aka kai shi wurin gini. Ita kuwa tana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, tana kuma digiri na biyu, shekara uku ke nan. Kundin binciken ya kammala. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu ofishin jami'a zai rufe karɓa, wanda bai kai nasa ba sai baɗi. Kuma a ranar ce aka sa ta tsaron jarrabawa daga safe har ƙarfe biyu, ba fita, ba waya.

"Baba, ga filash ɗin, kundin na ciki," in ji ta, tana saka takalmi. "Shi kaɗai ne, ka san kwamfutata ta mutu. Ka kai shagon da ke kallon ƙofar jami'a, ka ba Anti Tabarau hannu da hannu. Kwanan wata kawai za ta canza a shafin farko, ta fitar da kwafi huɗu, a haɗa. Zan same ku can."

"An gama, Uwata."

"Kada kowa ya taɓa komai."

"Sau nawa za ki faɗa? Ni yaro ne?"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Da yaro ne ai da hankalinta ya kwanta. Yaro ba ya gyara abin da ba a sa shi ba."

Ya naɗe filash ɗin a hankici, ya sa a aljihun ƙirji. A cikin bas sau bakwai yana taɓa wurin, har wanda ke kusa da shi ya tambaye shi ko zuciya ce ke damunsa.

Shagon ƙarami ne, dogo kamar lungu. Kwamfuta biyu a jikin bango, babbar firinta a ƙurya, teburin haɗa littattafai da wuƙar yankan takarda a bakin ƙofa, ga ƙamshin gam ya cika wurin. Anti Tabarau ba ta nan. Ta kai mahaifiyarta ganin likita, sai sha ɗaya za ta dawo. Wanda ke nan ƙanin mijinta ne, mai haɗa littattafan, mutum mai tumbi da fara'a, wanda ake kira Injiniya saboda babu abin da zai lalace a layin bai ce ya iya gyarawa ba.

"Kwanan wata kawai?" in ji Injiniya. "Haba Baba, don wannan za ka zauna jiran kusan awa biyu? Shekara shida ina gefen matar nan. Abin da idonta ya gani, nawa ma ya gani."

Mai Tayil ya dubi agogo. Tara da rabi. Ya tuna hannu da hannu, ya kuma tuna ƙarfe huɗu. Tsoron ƙarfe huɗun ya fi ƙarfi, ya warware hankicin.

Kuma Injiniya bai yi ƙarya ba, a nan dai. Ya buɗe manhajar, ya canza kwanan watan, ya danna wani maɓalli, na'ura ta yi ɗan tunani. Ya fitar da kwafi ɗaya na gwaji, shafi saba'in da huɗu, da ɗuminsa, ya miƙa masa.

Mai Tayil ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya ga sunanta a shafin farko, da nasa a bayan nata, ya ɗan daɗe a wurin. Sannan ya fara buɗawa. Bai fahimci ko layi ɗaya ba, amma rubutun ya burge shi: gefen hagu a miƙe, gefen dama a miƙe, kamar an ja da igiya. Sai ya iso shafi na goma sha biyu, inda lissafin ya fara.

Nan ya tsaya. Layukan lissafin sun sauko biyar, shida, wani wurin tara, amma babu biyu da suka fara a wuri ɗaya. Na farko ya taso daga can hagu, na biyu ya shige ciki, na uku ya fi shi shigewa, na huɗu ya ɗan dawo. Kamar haƙoran tsoho. Ya buɗa gaba, haka. Ya ƙara buɗawa, haka. Ya hango manyan malamai zaune a dogon tebur, ɗaya ya ɗaga shafin yana cewa, wannan 'yar gidan wane ce, ko jera layi ba ta iya ba? Yarinya ta gaji, ya ce a ransa. Koyarwa da rana, karatu da yamma, dole wani abu ya kuɓuce mata.

"Injiniya, zo ka ga. Wannan ba a miƙe yake ba."

Injiniya ya leƙa. "Haka 'yan lissafi suke yin nasu."

"Karkatacce karkatacce ne, ko na wane ne. Ba za a iya turo su duka su fara daga gefe ɗaya ba?"

Kalmar "ba za a iya ba" ita ce Injiniya bai taɓa yarda ta kwana a shagon ba. Ya ja kujera. A allon, rubutun ba kamar na takarda yake ba, cike yake da sanduna da baka-baka da wasu alamomi. Ya bi da yatsa, ya tsaya kan wata alama mai kama da igiyar da aka ƙulla.

"Ka ga wannan ƙullin? Duk layin da ya kauce, yana ciki. Shi ke tura su. In aka cire shi, kowa zai koma gefe."

"Ka tabbata?"

"Baba, Injiniya fa ake ce mini."

Ya ba na'ura umarni ta nemo ƙullin duk inda yake ta share. Ta amsa nan take: ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya danna maɓallin nan na ɗazu, wanda kan adana aiki kafin ya fitar da shi.

Abin da ya fito a allon, ko Mai Tayil da aji shidansa ya san ɓarna ce. Layukan ba su koma hagu ba, duk sun ruga dama sun manne. Jadawalin da ke shafi na talatin ya rushe, gidajensa sun zube cikin juna. A wani wuri da lambobi ke zaune cikin manyan baka, kowace a gidanta, uku da biyar sun haɗe sun zama talatin da biyar.

"Mayar da shi," in ji Mai Tayil.

"Kwantar da hankalinka. Bari in rufe in sake buɗewa, yakan dawo daidai."

Ya rufe. Ya buɗe. Bai dawo ba. Ya danna maɓallin komawa baya, ya sake dannawa, ya danna har sau goma, na'ura ta yi kamar ba da ita ake ba.

Mai Tayil ya zauna a kan kwalin takardu. Ya kira lambar 'yarsa duk da ya san a kashe take. Gumi ya jiƙa rigar da aka goge. Shekara uku. Ya tuna yadda take cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan takarda. Ya tuna bikin ƙawarta da ta ƙi zuwa saboda babi na huɗu. Duk wannan ya ɗauko a aljihu, ya kawo, ya ce a miƙe masa.

Sha ɗaya da minti goma Anti Tabarau ta shigo. Gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, tabaranta na rataye da igiya a wuya. Ta dubi allon, ta dubi ƙanin mijinta, ta dubi baƙon da ke kan kwali. Ba ta ajiye jaka ba ta ce, "Nawa ka cire?"

"Ɗari huɗu da 'yan kai," in ji Injiniya. "Amma Anti, ai shi ya ce..."

"Ka rufe bayan ka cire?"

Injiniya ya gyaɗa kai.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi. Na ce maka gam da wuƙa su ne naka, in ka ga kwamfuta ka gaishe ta ka wuce." Ta juya. "Baba, kai ne mahaifin malamar lissafi? Ni na koya mata manhajar nan a kujerar can. Akwai wani kwafin?"

"Babu. Laifina ne, Hajiya. Ni na ga layukan a karkace."

"A karkace." Ta saka tabarau. Idonta ya faɗa kan takardun da ke cinyarsa. "Wannan fa? Kafin ɓarnar aka fitar ko bayanta?"

"Kafin."

"To Allah ya so ka." Ta karɓa, ta buɗe shafi na goma sha biyu a kan tebur, ta ɗauko rula ta miƙa masa. "Ka ga 'yan sandunan nan biyu, ɗaya kan ɗaya? Alamar daidai ke nan. Ɗora rular a kanta, a tsaye, daga sama zuwa ƙasa."

Ya ɗora. Alamar layin farko ta zauna a bakin rular. Ta biyu ma. Ta uku, ta huɗu, har ta tara, duk a kan layi ɗaya, babu wadda ta kauce ko da kaurin gashi. Ya ɗaga rular ya sake kallo, sai yanzu ya ga abin da ya kasa gani ɗazu: wani miƙaƙƙen layi yana saukowa ta tsakiyar lissafin, komai na hagu da na dama a jikinsa yake rataye.

"Igiyar a tsakiya take," ya ce a hankali.

"Me ka ce?"

"Ba a fara daɓe daga jikin bango. Bango maƙaryaci ne. A tsakiyar ɗaki ake jan igiya, a bi ta, gefe kuma a yanka masa abin da ya samu." Ya rufe fuska da tafin hannu. "Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashina na gaya masa wannan. Na kori mutum a kan wannan."

Anti Tabarau ta dube shi ta saman tabarau, kamar yanzu ta fara ganinsa. "To ƙullin da aka share, shi ne ƙusar da ke riƙe igiyar. Kowane layi 'yarka ta zauna ta zaɓi inda za ta kafa shi, don mai karatu ya gangaro da ido ya ga wannan daidai yake da wannan, daidai yake da wannan, ba tare da ya yi lalube ba. Na'ura ta iya tuge su a lokaci ɗaya, amma ba ta san ramin kowa ba. Da hannu za a mayar. Kana da fensir?"

Fensir ɗin aiki na bayan kunnensa, ko da rigar fita. Ya zaro.

"Ka bi takardar nan shafi-shafi. Duk inda ka ga igiya, ka ja mini ita. Ni zan bi a allo. Injiniya, rufe ƙofar nan rabi, ka yanka bangon littafi huɗu ka ajiye, kada kuma in ji numfashinka."

Suka fara sha ɗaya da rabi. Shi yana ja, yana miƙa mata, ita tana kafawa. Bai taɓa ganin hannu irin nata ba. Yatsun ba sa gudu, ba sa kuma tsayawa, kamar na mai saƙa. Ba ta kallon madannai. Takan dubi takardar sau ɗaya, ta dubi allon, ƙulli ya faɗa gurbinsa. Wani layin yana da alamar daidai biyu, ba ta taɓa ɗaukar wadda ba ita ba. Wani wurin igiya biyu ce a shafi ɗaya, gefe da gefe. Wani layin ya yi tsawo har an karya shi, ragowar ta sauko ƙasa ta ɗan shige ciki, ta wuce igiyar da taku ɗaya.

"Wannan ya kauce," in ji shi, da ɗar-ɗar.

"Da gangan. Bai gama maganarsa ba ne, shi ya sa aka tura shi ciki, kada a ɗauka sabon layi ne."

A shafi na ashirin da shida ta tsaya, ta matso da fuska. "Duba nan. Alamar ɗebewa ce a farkon layi. Ka ga 'yar tazarar da ke bayanta a takarda? A allo ta matse. In ta manne da lambar, cewa take lambar ce ke ƙasa da sifili. In ta ba da tazara, cewa take a ɗebe wannan daga abin da ke sama." Ta saka wasu baka biyu da babu komai a cikinsu, alamar ta ja baya kaɗan ta numfasa.

Ya kai fensir ya gwada tazarar. Ba ta kai kaurin bakin fensir ɗin ba. Ya tuna 'yan robobin da yake sakawa tsakanin tayil da tayil, waɗanda masu gida ke cewa ɓata lokaci ne. Ashe akwai masu auna abin da ya fi nasa ƙanƙanta, kuma 'yarsa na cikinsu.

"Hajiya, ke ma digirin lissafin gare ki?"

Ta yi dariya ba ta daina bugawa ba. "Ni? Takardar koyon buga rubutu ce da ni. Shekara ashirin da biyu ina jera musu. Ban san abin da suke faɗa ba, amma na san yadda yake tsayawa in gaskiya ne."

"Ni ma na sani," in ji Injiniya daga bakin ƙofa.

"Kai ka san tumbinka."

Jadawalin shafi na talatin ya ci minti ashirin shi kaɗai. Mai Tayil yana karanto lambobin gida-gida, ita tana raba su. Uku ta koma gidanta, biyar ta koma nata. Duk shafi goma sai ta fitar da sabo, shi kuma ya haɗa shi da tsohon, ya ɗaga su a hasken ƙofa. In layukan sun hau kan juna sun zama ɗaya, ya ce, "Ya zauna." Sau uku ya ce bai zauna ba, sau ukun kuma da gaskiyarsa. A na ukun Anti Tabarau ta ce, "Idon nan naka, da a wurin da ya dace ka fara sa shi."

A shafi na hamsin da ɗaya ya ga wata alamar daidai da ta fita daga igiya a tsohuwar takardar kanta, kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi mata ɗan zobe da fensir.

"A gyara?" in ji Anti.

"A'a. A bar wa mai shi."

Biyu da rabi 'yar ta shigo da sauri, alli a hannun rigarta. Sun kai shafi na sittin da takwas. Ta ga mahaifinta da fensir, ta ga takardunta duk an ja musu layi daga sama har ƙasa, ta ga Injiniya ya ba ta baya yana ta goge wuƙar da ba ta da datti.

"Me ya faru?"

"Wuta ce ta ɗan..." Injiniya ya fara.

"Ni ne, Uwata." Mai Tayil ya miƙe tsaye. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kuma raba laifin da kowa ba. Tana ji, fuskarta ba ta motsa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ta ajiye jaka, ta ja kujera kusa da Anti. "Ina aka tsaya?"

Su biyun suka ƙarasa shafi shidan da suka rage, ita tana faɗa daga ka, Anti tana kafawa. Ya tsaya a bayansu yana kallon kawunansu biyu, mai furfura da marar furfura, suna magana da rabin kalma suna fahimtar juna. Da suka gama, Anti ta sa na'ura ta ƙirga ƙullin. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

"Saura ɗaya," in ji Anti.

Uku saura minti biyar. Fitar da kwafi huɗu da haɗa su zai ci minti arba'in. 'Yar ta bi shafukan ƙarshe a allo da gudu, ba ta ga komai ba.

"Wataƙila ni na sa ɗaya a inda ba a buƙata tun farko," ta ce. "Ko kuma yana nan ya ɓuya. A fitar."

"Akwai wannan," in ji mahaifin, ya miƙa mata shafi na hamsin da ɗaya. "Ban taɓa ba."

Ta dubi zoben fensir ɗin. Ta daɗe tana dubawa. "Wannan kuskurena ne. Wata uku ina wuce shi." Ta gyara da kanta, ba ta dube shi ba.

Firinta ta kama aiki. Nan Injiniya ya nuna cewa shi ma akwai abin da ya iya: ya jera, ya buga gefen a tebur, ya shafa gam, ya matse, ya yanke, littafi huɗu suka fito kamar tagwaye biyu. Mai Tayil ya bi gefen da babban yatsa, bai sami inda ya kauce ba.

Suka tsallaka titi, ita a gaba, shi a baya rungume da littattafan. Hawa biyu, dogon baranda, ƙofa ta uku. Huɗu saura minti tara ma'aikaciyar ofishin ta ƙirga kwafin, ta buga hatimi, ta ba ta 'yar takardar shaida.

A kan matakala 'yar ta tsaya. Ta zaro tsohon kwafin gwajin daga jakarta, wanda ya sha fensir, ta duba layukan da ya ja. Duk a miƙe, ko ɗaya bai yi rawa ba.

"Ba da rula ka ja waɗannan ba?"

"Na farkon ne kawai."

Ta mayar da shi jaka. "Zan riƙe wannan." Ta ci gaba da sauka. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, amma a bakin titi ta jira shi kafin ta tsallaka.

Malaman za su zauna kan kundin nan da wata biyu. Shafi shidan ƙarshe ba a ɗaga su a haske ba, lokaci bai bari ba. Har yau babu wanda ya san inda ƙulli na ɗari huɗu da goma sha biyu yake, ko kuma wani daga cikin malaman zai lura da rashinsa.